Tuwon Gwaggo Matta da Aka Ƙi Ci

Makarfi,
Talata, 11 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayana Simeon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Winifred da yara, kuma sanyin Mambila bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan naka ba. Allah ya ƙara maka ƙarfi a aikin koyarwa, ya ba ɗalibanka kunnen ji, ya tsare ku a kan hanyoyin dutsen nan da nake jin labarinsu. Mu nan muna lafiya. Damina ta yi kyau, masara ta shiga rumbu, an fara saran rake a Kudan, tumatir kuwa ya yi arha a Ikara har manoma suna kallonsa kamar ya zage su. A makaranta muna shirin jarrabawa, yara suna ta addu'a maimakon karatu. Zubaida 'yar Gwaggo ta sauka lafiya a watan jiya, an sami namiji, an sa masa Zayyad. Na je suna Kudan, dangin mijinta sun karɓe ni da mutunci kamar kullum, yaron kuma ya kwaso goshin gidanmu, Allah ya ba shi haƙuri.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Da gangan na yi. Maganar da zan kawo maka gajeren saƙon waya ne ya haife ta, shi ya sa na ga gara in zauna in cika shafuka, in ba direban da ke zuwa Gembu, ko da za ta kwana uku a hanya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ran Juma'ar da ta wuce na tafi Malikanchi, domin Gwaggo Matta ta aiko cewa ran Asabar za a yi mata gayyar tsinkar barkono. Na isa da la'asar. Rabona da ita wata biyu, domin ba ta samu zuwa sunan ba, na same ta ta rame, zanenta ya kusa zagaya ta sau biyu, amma na ɗauka aikin kaka ne. Bayan mun gaisa ta shiga madafi ta fito da tuwon masara da miyar kuka a tsohon kwanon nan mai shuɗin baki, wanda muke ci mu uku a ciki tun bayan rasuwar Inna. Ta ajiye a tsakaninmu, ta wanke hannu, ta turo mini ruwan. Ni kuwa na riga na ci shinkafa a tashar Ikara, sai na ce mata na ƙoshi. Ta ce ba komai, ta gane. Ta ɗauki faifai ta rufe kwanon, ita ma ba ta ci ba. Na lura da haka, domin ka san lura ce sana'ata, amma ban tambaya ba. Sai washegari na san abin da na aikata.

Ga abin da ya faru, wanda babu wanda ya ga ya dace ya gaya mana. Ka san Baba Nomau, wan mahaifinmu, ya rasu a watan Agusta, kuma shi ne na ƙarshe a gidanmu da ya tsaya a kan addinin kakanni. Abin da ba ka sani ba shi ne, kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannun Gwaggo ya roƙe ta abu guda. Ya ce tsofaffin abokansa za su zo makokinsa daga wajen Gubuchi, kuma abin kunya ne a sallame su da ruwan rijiya, ga shi ba shi da mata ba shi da 'ya, ita kaɗai ta rage da ta san yadda uwarsu take dafa giya. Gwaggo ta ce masa to. Shekara arba'in ba ta jiƙa dawa don wannan ba, amma ta jiƙa, ta shanya tsiro, ta dafa tukunya biyu a bayan gidansa. Ba ta kai ko ɗigo bakinta ba, ba ta kuma bi su wurin da suka yi nasu al'adun ba. Tsofaffi bakwai suka zo, suka sha, suka yi kukan ɗan'uwansu, suka koma.

Labari ya kai ekklisiya, jama'ar cocinmu, kafin tukwanen su huce. Ka san tun da aka ɗauke mai bishararmu da ke mana wa'azi ba a kawo wani ba, dattawa ne ke riƙe da komai, Dattijo Ɗanlami kuma shi ne bakinsu. Suka sa ta a horo: bencin baya, ba cin gurasar Jibin Ubangiji, har wata uku. Ta karɓa ba gardama, ta ce ta san doka kuma ta taka ta. Inda aka sami cikas shi ne da suka ce ta tashi a gaban jama'a ta ce ta yi nadama. Ta ce za ta iya cewa ta yi laifi, za ta iya roƙon gafara don ta ɓata wa 'yan'uwa rai, amma ba za ta ce ta yi nadama ba, domin in Nomau ya sake riƙe hannunta gobe, za ta sake ce masa to. Ta ce ba za ta tsaya a ɗakin Allah ta yi ƙarya don a ba ta bencin gaba ba. Bayan mako biyu Dattijo ya tashi ran Lahadi ya ce sun nemi shawarar wani masanin nassi, ya karanta saƙonsa, wanda ya nuna musu inda manzon Almasihu ya ce mai bi da ya nace a kan irin wannan, ko abinci kada a ci da shi. Yau mako takwas ke nan. Matar da tun da aka haife ta ba ta taɓa sa hannu a kwano ita kaɗai ba. Ka ga ke nan da na ce na ƙoshi, abin da ta ji shi ne ni ma na bi sahu.

Ran Asabar da sassafe matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, suka zo, su ashirin da uku, ba wadda ta rage, Mama Mairama shugabarsu tana gaba da kwandonta. Suka gaishe da Gwaggo har ƙasa, suka shiga gona suna waƙa. Ban taɓa ganin an tsinke barkono da sauri haka ba, kamar masu neman a yafe musu wani abu. Gwaggo kuwa tun asuba ta ɗora babbar tukunyar biki, ta yi tuwo da miyar kuɓewa ɗanya har da kaza biyu, ta dama kunun tsamiya, domin a wurinta gayya ba ciyarwa zagi ne. Ta san ba za su ci ba, amma ta dafa. Da rana ta take aka fito hutawa. Gwaggo ta zauna a gindin mangwaro da tukunyarta da kwanuka a jere. Su kuma suka wuce ta, kowa idonta a ƙasa, suka zauna a gindin ɗorawar nan ta kan iyaka, kowace ta kwance bakin zane ta fito da abin da ta ƙullo daga gida: mai dafaffen rogo, mai ɗanwaken jiya, mai ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Taku ashirin ne tsakanin bishiyoyin biyu. Na ƙirga, don ban san abin da zan yi da idona ba.

Na je na tambayi Mama Mairama ma'anar abin da nake gani. Ta ce, a hankali don kada Gwaggo ta ji, sun kai maganar gayyar gaban dattawa, aka duba aka ga nassi ci ya hana, bai hana aiki ba, kuma akwai inda aka ce mu ɗauki nauyin juna. Don haka aka yarda su zo su yi aiki, amma kowa ta zo da guzurinta. Wato, Yaya, an raba matan gida biyu: hannuwansu suna bin aya ɗaya, bakinsu yana bin wata. Nan take gardama ta tashi a gindin ɗorawa, da alama ba ranar aka fara ta ba. Adama matar mai gyaran keke ta ce ita dai ta san Almasihu da bakinsa ya ce kada mu yi wa kowa hukunci, kuma shi kansa an zarge shi da ci da masu zunubi. Wata ta ce ai manzo ya ce na waje ne ba ruwanmu da su, na cikin gida kuwa dole mu hukunta. Adama ta ce to wannan manzon ne kuma ya tambaya wane ne kai da za ka ga laifin baran wani. Aka ce mata ta fiye baki. Mama Mairama ta ce ita ba ta yi makaranta ba, abin da ta sani duka maganganun suna cikin littafi ɗaya mai bango ɗaya, in ta bi wannan ta saɓa wancan, kuma ba ta taɓa tsammanin tsufa zai same ta tana cin busasshen rogo a gonar Matta alhali ƙamshin miyar Matta yana dukan hancinta ba. Idonta yana ta ruwa. Ta ce barkono ne. Na bar ta a kan barkono.

Na koma gindin mangwaro na wanke hannu na zauna. Na ce wa Gwaggo jiya shinkafar tasha ce ta cika mini ciki, ban san komai ba. Sai ta ɗebo tuwo a kwano ɗaya ta sa hannu, na sa. Na ci kamar wadda aka biya, har ta ce in yi a hankali, ba ni zan cinye rabon mutum ashirin da uku ba. Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe, na fara faɗin ra'ayina a kan dattawa da matan da suke iya cin rogo suna kallon tsohuwa. Ka san in na fara ba na rasa kalma. Gwaggo ta dakatar da ni. Ta ce Ɗanlami ba mugu ba ne, kuma ekklisiyar da babu mai iya cewa “a bari” a cikinta, ta zama kasuwa. Ta ce matan nan sun bar nasu barkonon yana zuba sun zo nata, kowace kuma tana da miji da za ta koma ta tarar, ni kuwa sau biyu nake zuwa sujada a shekara, bencin baya ma ba zai gane ni ba, don haka cin tuwona bai ci mini komai ba. Ta ce tsakanin loma ɗaya da ta biyu na yanke wa mutum ashirin da uku hukunci, dattawa kuwa sai da suka yi zama uku kafin su yanke wa mutum ɗaya. Sauran tuwon an kai rugar Fulanin da ke bayan rafi, suka cinye suka aiko da nono da godiya. Su nassi bai hana su ba, mu ma bai hana mu ci da su ba. A duk faɗin garin, waɗanda suka yi baftisma a rafi ɗaya da ita ne kaɗai ba za su taɓa kwanonta ba.

Ran Lahadi bayan sujada na je gidan Dattijo Ɗanlami, da jawabina a shirye. Na same shi a zaure, shi ma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya saurare ni har na gama, abin da ban yi tsammani ba. Sannan ya tambaye ni ko na san yadda mahaifinsa ya mutu. Ya ce yana ɗan shekara goma yake ɗauko shi daga kwata ranar kasuwa, gonarsu ta fadama a tukunyar giya ta narke, kuma shekara arba'in aka yi kafin hayaƙin tukwanen nan ya daina tashi a unguwarmu. Ya ce in aka ga uwa kamar Matta ta dafa aka yi shiru, baɗi wata za ta dafa don suna, wata don biki. Ya ce Matta ce ta yi jinyar matarsa wata huɗu, kuma tun da aka yanke maganar nan tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro, amma shi ba zai gyara maganar Allah don ta yi masa daɗi ba. Na tambaye shi wane masani ne suka nema. Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya lalubo saƙon ya miƙo mini.

Lambarka ce, Yaya. Ya tambaye ka abin da nassi ya ce a kan mai bi da ya koma harkar giya da al'adun dā ya kuma ƙi tuba. Ka ba shi sura da aya, ka ce irin wannan ko ci kada a yi da shi, ka rufe da fatan Allah ya ba da hikima. Layi biyu. Ya ce da gangan bai faɗa maka suna ba, don kada zumunci ya karkatar da kai, bai kuma faɗa wa jama'a sunanka ba, don kada ya haɗa ka da gida. Na san yadda abin ya kasance: kana tsakanin aji da aji, ga hanyar waya ta samu na minti biyu, ga tambaya irin ta jarrabawa, ka ba da amsar da za ta ci maki goma bisa goma. Ban ga laifinka ba, ko in ce na gani na kwana ɗaya, sannan na tuna da shinkafar tasha.

Ni ba malamar tauhidi ba ce, amma da na dawo Makarfi na buɗe wurin a wasiƙar manzon ta farko na karanta shi duka. Jerin mutanen da aka ce kada a ci da su yana da tsawo. Akwai mai haɗama a ciki, akwai mai zage-zage, akwai mai cin haƙƙin mutane. In aka bi shi kan gaskiya a Malikanchi, kowa zai koma ɗaki da kwanonsa, ni ce ta farko, wanda yake matsar da iyakar gona taku ɗaya kowace shekara shi ne na biyu, ka san shi. Na kuma ga mashayi aka ambata, Gwaggo kuwa ba ta sha ba. Na ci gaba har wasiƙa ta biyu, inda manzon nan da kansa yake cewa horon ya isa haka, a yafe wa mutumin da aka hora a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ban sani ba ko mutum ɗaya ake nufi, kai ka sani. Abin da ya tsaya mini shi ne, wanda ya rubuta a fitar shi ne ya rubuta a dawo da shi, kuma da alama ya san mutanen da yake rubuta wa, har da sunayensu. Ko wannan ne ya haɗa maganganun da matan suke ja a gindin ɗorawa, ban sani ba. Wataƙila ba su haɗuwa ma, sai dai mutum ya ɗauke su duka biyu ya yi ta tafiya da nauyinsu. Kai ne ka yi shekara tara kana karanta wannan.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Majalisar dattawa za ta zauna ran Lahadi talatin ga wata, ranar da wata ukun zai cika. In Gwaggo ba ta faɗi kalmar da suke so ba, kuma ba za ta faɗa ba, za a cire sunanta daga ekklisiya, Zumunta kuma ta karɓe zanenta na ƙungiya. Zubaida ta ji labari, ta share mata ɗaki a Kudan, mijinta ya ce zai aiko mota duk ranar da aka ce. Mutanen kirki ne, ba za su taɓa mata addininta ba, kuma a can za a ci da ita sau uku a rana. Amma za ta bar gonarta, da kabarin Baba, da ginin cocin da ta ɗauki tubalinsa a ka tun kafin a haife ni. Dattijo ya ce mini abin da malam ya ɗaure malam ne zai kwance, kuma in ka rubuto wani abu zai karanta shi a gaban majalisa daga farko har ƙarshe, ko bai yi masa daɗi ba. Na yarda zai yi. Ba na roƙonka ka ce ta yi daidai in ba haka ka gani ba, ita ma ba ta ce ta yi daidai ba. Ina roƙonka ka sake amsa tambayar nan, a takarda, da tsawo, da sunan Matta a layin farko. Direban zai juyo ran Alhamis ta sama.

Ka gaishe mini da Anti Winifred, ka ce na gode da ganyen shayin da ta aiko. Ka gaishe da Lubna da ƙannenta, ka ce wa Lubna ina jiran sakamakonta na lissafi, ba na karɓar uzuri. Zubaida da maigidanta suna gaishe ku. Mama Mairama ta ce in gaishe ka, Adama ma haka, Dattijo Ɗanlami kuma ya ce a gaishe da malam da kyau.

Gwaggo ma tana gaishe ka. Na so in ɓoye mata abin da na gani a wayar, kuma na ɓoye. Jiya da safe da zan taho ta rako ni har bakin ƙofa, ta ɗora mini ƙullin busasshen barkono ta ce naka ne, na farkon tsinka, tunda ka ce na can ba ya da yaji. Zan ba direban. Sannan ta ce, kamar mai maganar ruwan sama, tun ranar da Ɗanlami ya karanta saƙon a sujada ta san naka ne, domin kai kaɗai kake rufe magana da fatan Allah ya ba da hikima, kuma a bakinta ka koya. Ta ce kada in dame ka, aikinka ka yi. Ta ce in gaya maka in ka zo Kirsimeti ka sauka a gida kamar kullum, kada ka ji nauyi, in dai tana nan. Za ta yi maka miyar kuɓewar da kake so, ta zuba maka a kwano dabam ta ajiye a ƙofar ɗakinka, ita kuma ta ci nata a madafi, don kada a ce malami ya karya maganarsa a gidan uwarsa. Ta ce in yi sauri kada motar farko ta wuce ni. Ta ja ƙyauren langa-langan ta rufe a hankali, na ji ta sa sakata, na kama hanyar tasha.

Taka ƙanwa,
Veronica.